Zan iya ɗaura sabuwar salansa da hannuna a gida? Masu sani ku taimaka

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ina da Corolla ƙirar 2006, salansarta ta baya ta huje tun cikin damina, yanzu in na tayar da ita da asuba duk layinmu sai an san na fito. Ranar Talata na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo a nan Legas na sayo sabuwa. Ba ta kamfanin Toyota ba ce, irin mai ƙyallin nan ce mai ɗan faɗin baki, kuma mai shagon ya ce an ƙera ta daidai motata, ba sai an yanka ko an yi walda ba. So nake in ɗaura da kaina ranar Lahadi a tsakar gida. Ba ƙyashin biyan kuɗin aiki nake ba, ina son in san motata ne, kuma sau biyu ina barin ta a wani gareji in dawo in tarar an taɓa abin da ban ce a taɓa ba. Abin da ke hannuna: jak ɗin da ya zo da motar, sifanu daga lamba 8 zuwa 19, filaya da guduma. Me ya rage in nema? Kuma ta ina ake farawa?

Mai Sifana Idi Araba: Wa alaikumus salam. Kafin mu je kan sifana, ɗan'uwa, wannan jak ɗin na canjin taya ne, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Don Allah kar ka kuskura. Ka nemi ƙafafun ƙarfen nan da ake tokare mota da su guda biyu, ko ka saya ko ka ara. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa, to kai kuma baya za ka ɗaga, ka ga da zarar sun bar ƙasa birkin ya zama ba shi da amfani. Ka sa giya a P, ka tokare tayoyin gaba da katako gaba da baya. Bayan ka sauke ta kan ƙafafun, ka kama ta ka girgiza da ƙarfi. In ta motsa, ba ka gama ba.

Sadauki 04: Ni bulo nake jerawa guda biyu biyu, ban taɓa samun matsala ba.

Baba Direba: Yaro, ka daina daga yau. Shekara talatin da wani abu ina tuƙi tsakanin Legas da Kano, na ga abin da bulo yake yi da idona. Bulon siminti ba ya lanƙwasawa ya yi maka kashedi, fashewa yake yi lokaci guda. Wani yaron mota da muka yi aiki tare, ƙirjinsa mota ta danne, Allah Ya sa akwai mutane kusa aka ɗaga da hannu, amma har ya bar aikin bai ƙara iya ɗaukar kaya mai nauyi ba. Ɗan Agege, in ba ka samu ƙafafun ƙarfe ba, ka je inda ake wankin mota ko juyen bakin mai, masu rami, ka ba su wani abu su bar ka ka yi aikinka a kan ramin. Ka ga da hannunka ka yi, kuma ranka na hannunka.

Sadauki 04: Na ji Baba. Allah Ya huci zuciyarka.

Ɗan Agege: Na gode Baba, na gode Mai Sifana. Maƙwabcina yana da ƙafafun, zan aro. Tsakar gidanmu siminti ne kuma a miƙe yake, ba gangara.

Mai Sifana Idi Araba: Madalla. To yanzu kayan aiki. A irin motarka, salansar baya tana haɗe da bututun tsakiya da bol biyu masu sifirin, kansu lamba 14 ne, sai robobin da take rataye a kansu. Aikin ke nan gaba ɗaya, amma waɗannan bol biyun su ne za su iya cinye maka yini. Sifana mai buɗaɗɗen baki ba za ta yi ba, cinye kan notin za ta yi ya zama kamar ƙwallo. Ka nemi soket mai kusurwa shida da doguwar mariƙa. Ka sayi man fesawa na kwance tsatsa, WD-40 ko makamancinsa, da burushin waya. Daren Asabar ka goge tsatsar ka fesa, da safe ka ƙara fesawa. In ka zo kwancewa, ka fara ɗan matsa shi kaɗan kamar za ka ɗaure, sannan ka dawo baya. Haka za ka riƙa yi, gaba kaɗan baya kaɗan, har ya saki. Wanda ya ja da ƙarfi lokaci guda shi ne yake karya bol.

Sannan gaskit. Akwai wani zobe a tsakanin bututun biyu, shi ke hana hayaki fita ta mahaɗar. Kar ka mayar da tsohon, ya riga ya lotse daidai tsohuwar salansa. Ka sayi sabo, ka haɗa da sababbin bol da sifirin da robobi. Duka ba wani kuɗi ba ne in ka kwatanta da abin da ka riga ka kashe.

Ummu Khalil: Tabarau fa. Maigidana ya yi irin wannan aikin, ɓurɓushin tsatsa ya faɗa masa a ido, kwana uku yana fama. Ka sa tabarau da safar hannu.

Kanikawan Mile 12: Ƙarin bayani kan robobi. Kar ka shafa musu bakin mai ko giris, mai yana cin roba. Ruwan omo ko sabulu za ka zuba, sai ka sa babban sukudireba ka ture. Akwai filaya ta musamman ta cire su, amma don aiki ɗaya ba sai ka saya ba. Kuma ka samu wanda zai riƙe maka salansar lokacin da za ka cire robar ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta fi yadda kake zato nauyi in kana kwance a ƙasa.

Oga Sharp: Tunda dai za ka shiga ƙasa, ka cire indomin motar gaba ɗaya ka sayar. Kuɗi ne mai kyau, kuma motar za ta ƙara numfashi, ta ƙara gudu. Man Najeriya toshe shi yake yi ko ta yaya.

Injiniya Ikotun: A'a Oga Sharp, wannan shawara ba ta da kyau, kuma irin ta ce ta sa motoci da yawa a garin nan suke warin da ke sa hawaye. Bari in yi bayani don waɗanda ba su san abin da ake kira indomi ba. Wani curi ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a cikin bututun gaba, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Su ne suke juya gubar da ke cikin hayaki ta zama mai sauƙin illa kafin ta fito. Tsadar waɗannan ƙarafan ce ta sa ake sayensa, ita ce kuma ta sa ake sace shi. Motar Ɗan Agege tana da sansa, wato 'yar na'urar da ke auna hayaki, ɗaya kafin shi, ɗaya bayansa. Ta bayan aikinta ta duba ko indomin yana aiki. Ka cire shi, wutar inji za ta kama a gabanka, in aka sa na'ura za a ga lambar P0420. Daga nan wutar ba za ta mutu ba, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba, domin ka saba ganinta a kunne. Kuma maganar gudu, in indomin bai toshe ba, abin da za ka ƙaru da shi a injin 1.8 ba za ka ji shi a ƙafarka ba.

Oga Sharp: Ni na cire nawa a Camry Big Daddy shekara biyu ke nan, lafiya lau nake yawo.

Injiniya Ikotun: Kai kana gaba da gilas a rufe. Wanda ke bayanka a gosilo a kan babur ko a Keke shi ne yake shaƙa. Kuma in naka ya toshe ne, abin tambaya shi ne me ya toshe shi. Yawanci fulogi ne ya mutu ɗanyen mai yake wucewa, ko inji yana shan bakin mai. In ba a gyara wannan ba, ciwon yana nan.

Malam Na Obalende: Ni abin da zan ƙara, wanda duk zai bar motarsa a wurin gyara ya kwana, ya san halin da indominsa yake ciki kafin ya tafi. Ƙanena ya kai gyaran birki a wani wuri, da ya karɓo sai ya ji muryar motar ta canja. Da aka duba an fasa bututun an kwashe an mayar an like da walda. Don haka ban ga laifin Ɗan Agege ba da yake son yi da kansa.

Ɗan Agege: Indomi yana nan daram, ba zan taɓa shi ba. Abin da na saya daga bayan tayar baya ne kawai zuwa bamba.

Hajiyar Ogba: Ni tambayata ɗaya ce ɗana. Wannan mai faɗin bakin da ka ce, ba irin mai rurin nan ba ce ko? Akwai wani yaro a unguwarmu, ƙarfe ɗayan dare zai shigo, jariri ya farka, tsoho mai hawan jini ya farka, ƙararrawar motocin mutane ta kama kuka. Mun yi magana har mun gaji. Haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne, balle mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu, abin da ɗaya ya yi da sunan dukanmu ake kiransa.

Yarima Turbo: Hajiya da girmanki, ba kowace salansa mai murya ce ta tashin hankali ba. Akwai mai murya mai kauri a ƙasa ƙasa, daɗin ji gare ta. Waɗanda kike faɗa sun cire tukunyar salansar, mai rage ƙara, ne gaba ɗaya sun sa bututu miƙaƙƙe. Mu masu son mota ma ba ma goyon bayansu.

Hajiyar Ogba: To Allah Ya sa haka. Amma mai barci bai san bambancin mai kauri da mai siriri ba.

Baba Direba: Hajiya ta yi gaskiya. Kuma ku bar ma maƙwabta, shi mai motar zai fara gajiya. A cikin gari ba za ka gane ba. Bari ka wuce Berger ka hau hanyar Ibadan, ka tsaya a gudu ɗaya na awa biyu, sai wani gunji ya cika cikin motar, kai ya yi nauyi, ba ka jin maganar wanda ke gefenka. Yanzu ka lissafa tafiyar Sallah zuwa gida da iyali a baya. Na ɗauko mutanen da suka yi nadama a hanya.

Injiniya Ikotun: Wannan gunjin da Baba yake faɗa yawanci tsakanin juyi 2000 zuwa 3000 na inji a minti ɗaya yake fitowa, daidai inda mota take zama a babbar hanya. Ƙaramar tukunyar nan ta tsakiya ita ke kashe shi, shi ya sa ba a son cire ta. Ɗan Agege, faɗin bakin waje ado ne kawai, ba shi ne abin dubawa ba. Ka auna faɗin bututun kansa. Ga injin irin naka inci 2 zuwa 2 da kwata ya isa. In ka sa inci 3, hayaki zai rage saurin fita, motar ta yi sanyin tashi, kuma mu a Legas tashi da tsayawa ne rabin tuƙinmu.

Ɗan Agege: Na auna yanzu, daidai yake da tsohon. Hajiya ki kwantar da hankalinki, in na ji ta yi ƙara fiye da kima da kaina zan cire. Gidan haya nake, kuma mai gidan dattijo ne.

Alaba Rago Boy: Ku gafarce ni in ɗan karkata. Ta yaya ake gane sitenles na gaske? Na sayi wata da aka rantse mini ba ta tsatsa, damina ɗaya ta yi ja.

Kanikawan Mile 12: Ka tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu. Akwai mai lamba 304, ita ce mai kyau, mayen ƙarfe ba ya kama ta sosai. Akwai mai lamba 409, yana kama ta, kuma takan yi ja a sama amma ba ta saurin hujewa, kamfanoni da yawa da ita suke yin tasu. Sai kuma baƙin ƙarfe da aka yi wa fenti ko aka shafa wa ƙyalli, wannan ita ce araha ba ta ado. To ka ga ja kaɗai ba ya nufin an cuce ka. Ka ƙwanƙwasa ka ji, in tana zubar da ɓawo to ƙarfe ne kawai.

Mai Sifana Idi Araba: Kuma garin nan ba ya raga wa salansa. Iskar teku mai gishiri ce, waɗanda ke Lekki da Ajah da Apapa sun fi kowa sani. Ga ruwan da muke kutsawa a watan Yuni da Yuli, bututu ya yi zafi ka tsoma shi cikin ruwan sanyi. Wani abin kuma daga ciki take ruɓewa: in tafiyarka gajera ce kullum, daga gida zuwa kasuwa, ruwan da ke taruwa a tukunyar ba ya samun zafin da zai ƙone, sai ya kwanta yana ci.

Nas Zainabu: Ina karanta ku tun ɗazu, akwai abin da ba a faɗa ba kuma shi ya fi damuna. In ka gama, don Allah kar ka tayar da motar a rufaffen wuri don gwaji. Iskar da ke kashe mutane a hayakin janareta, kabon monoksaid, ita ce dai a hayakin mota. Ba ta da wari ba ta da launi. In mahaɗar nan ba ta zauna daidai ba, hayaki yana iya shigowa ta ƙasan but, kuma yara ne a kujerar baya. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko barci mai nauyi a cikin mota, musamman a gosilo da gilas a rufe, kar a ce gajiya ce. A buɗe gilas a fita a sha iska, a duba salansa.

Ummu Khalil: Allah Ya saka da alheri Anti. Wannan ya shafi har masu tsohuwar salansa da suke cewa sai wata ya yi.

Kanikawan Mile 12: Gwajin yoyo ba wuya. Da sanyinta za ka tayar, wani ya ɗan toshe bakin da tsumma na daƙiƙa kaɗan, kai kuma ka saurara a mahaɗar, ko ka zuba ruwan omo ka ga ko zai yi kumfa. Ka yi da sauri kafin ta yi zafi. Bayan kwana biyu ka leƙa, in ka ga baƙin toka a gefen mahaɗar, to tana fitarwa.

Mai Sifana Idi Araba: Mu dawo kan ɗaurawar, don ban ƙarasa ba ɗazu. Kar ka ɗaure komai tamau da farko. Ka fara rataye ta a robobinta, ka sa gaskit, ka kama bol ɗin biyu da hannu. Sai ka fito ka tsaya a baya ka duba bakin, ya zauna a tsakiyar gurbinsa? Ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da bamba, in ba haka ba zai narkar da robar. Ka duba ba ta kusa da tiyon birki ko tankin mai, ba ta gogar ƙarfen ƙafar baya. Sannan ka ɗaure, wannan kaɗan wancan kaɗan, don gaskit ɗin ya zauna daidai. Sifirin ɗin nan an sa su ne don bututu ya samu wurin motsi in inji ya girgiza, kar ka yar da su ka sa bol na gama gari. In ka samu giris ɗin tagulla mai jure zafi ka shafa a zaren bol ɗin, ranar da za ka sake kwancewa za ka gode wa Allah.

Sadauki 04: In bol ɗin ya ƙi fa? Ni gas nake sa a hura masa wuta ya yi ja.

Mai Sifana Idi Araba: A gareji ana yi, amma a gida, kusa da tankin mai, kuma bayan ya fesa mai mai kama wuta, ban ba shi shawara ba. In ya ƙi ko ya karye, nan aikin gida ya ƙare, ya kai wa mai salansa ya tsaya a kansa. In ma ta kai ga waldar lantarki, a cire kan batir tukuna saboda ƙwaƙwalwar motar.

Oga Sharp: Duk wannan dogon bayani a kan aikin da yaro zai yi maka cikin minti talatin a bakin titi. Ku bar masu sana'a su ci abinci mana.

Malam Na Obalende: Ba wanda ya hana su. Amma yawancin na bakin titi da ka kai musu sai su yanke su like da walda, ko da abin na ɗaurawa ne. Gobe in kana son cirewa sai an sake yanka.

Ɗan Agege: Jama'a ga yadda aka yi. Na fara bayan na karya kumallo, motar ta kwana ba a tayar ba don haka da sanyinta. Bol na farko ya fito ba gardama. Na biyu ya ƙi ƙememe, har na ji kan ya fara zamewa, sai na tuna maganar Mai Sifana na ajiye. Na ƙara fesa mai, na ɗan bubbuga shi da guduma, na tafi sallar azahar. Da na dawo na zura bututun ruwa a mariƙar don ta ƙara tsawo, gaba kaɗan baya kaɗan, sai ga shi ya saki. Ƙanena ya riƙe mini tsohuwar muka sauke, da muka jijjiga ta ruwa da tsatsa ne suka zubo. Sabuwar ta hau, mun yi gwajin omo ba kumfa. Hajiya, muryar ta ɗan fi ta kamfani kauri amma mai gidanmu yana zaune a ƙofa bai ko ɗago kai ba. Matsala ɗaya: da na fita gwaji ta wajen Pen Cinema, duk sanda na hau tudun titi sai in ji ƙwas a baya ta hannun dama.

Kanikawan Mile 12: Sababbin robobi ka sa ko tsofaffin?

Ɗan Agege: Ɗaya sabuwa, sauran tsofaffin ne. Iri ɗaya kawai na samu da ta yi daidai.

Kanikawan Mile 12: To ga shi nan. Tsofaffin sun saki, sabuwar ta ɗage gefe ɗaya, salansar ta karkace. Ka bari ta huce, ka kama bakin ka girgiza, za ka ga inda take bugu, galibi akwai ɗan tabo mai ƙyalli a wurin. Ka cire tsohuwa ɗaya ka tafi da ita kasuwa a matsayin samfur.

Injiniya Ikotun: Ko kuma ƙarfen ratayar sabuwar ne bai zo daidai da na kamfani ba, hakan na faruwa da waɗanda ba na asali ba. Ana ɗan lanƙwasa shi. Amma ya fara da robobin. Kuma bayan mako guda ka sake bin bol ɗin da soket, zafi da sanyi suna sa su ɗan saki.

Baba Direba: Barka ɗana. Ka mayar wa maƙwabcinka ƙafafunsa, amma ka sake aro su kafin ka koma ƙasa, ko da roba ɗaya za ka canja.

Yarima Turbo: Mai Sifana, tawa Accord ce 2008 mai V6, tukunya biyu a baya. Ita ma mutum zai iya shi kaɗai da ƙaninsa, ko sai rami?

Mai Sifana Idi Araba: Wannan ta fi tsawo da nauyi, kuma daidaita baki biyu su zo layi ɗaya sai da haƙuri. Daga ina za ka canja, tukwanen baya kawai ko tun daga tsakiya? Ɗauko hoton ƙasanta ka turo mu gani tukuna.